Kada Mu Ɗora Wa Ƙaddara Laifin Jabun Birki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore mana ababen hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka san shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Akwai wata magana da bakinmu ya saba da ita a zaman makoki har ta zama kamar gaisuwa. In an tambayi yadda haɗari ya auku, sai a ce birki ne ya tsinke, ko kuwa taya ce ta fashe, sai kowa ya kada kai ya ce kwana ne ya ƙare, a shafa fatiha a tashi. Na yarda kwana ya ƙare, domin babu rai da zai wuce wa'adinsa ko da ƙiftawar ido. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tsaya nan. Birki ba aljani ba ne da zai ga dama ya tsinke. Wani ne ya ƙera shi, wani ya shigo da shi ƙasa, wani ya sayar, wani ya ɗaura, wani kuma ya biya kuɗi ya ce a ba shi mai araha. Waɗannan mutane suna da sunaye, da yawansu suna sahun gaba a masallaci, kuma ba a taɓa ambatonsu a gidan gaisuwa. Su nake so mu yi magana a kansu yau.

Wanda ke zaune a Wudil ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan hanya. Garin nan kan babban titin Kano zuwa Maiduguri yake, kilomita 40 da ɗoriya daga birni, kuma motocin Dutse da Birnin Kudu da Azare da Potiskum, da masu karkatawa Gaya, duk ta gadar Wudil suke ratsawa. Ranar Juma'a kuwa kasuwar shanu na ci, tireloli na lodin dabbobi zuwa Kudu, masu babur da masu tallan kifi da yara da tsofaffi duk suna gefen kwalta ɗaya. Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga na makarantar horar da 'yan sanda, kullum ana cika motocin haya da su. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wato kafin ka gama faɗin innalillahi ta riga ta yi nisa. Abin da ke tsakanin wannan ƙarfe mai gudu da taron mutanen da ke bakin kasuwa bai wuce 'yan faifan birki masu faɗin tafin hannu ba, da ɗan man birki, da ɓangaren taya huɗu da ke taɓa ƙasa. Ran jama'a a kan waɗannan 'yan abubuwa yake rataye bayan kiyayewar Allah, kuma su ne ake yi wa jabu.

Ya kamata in bambance abu uku da ake cuɗawa, don kada in zalunci kowa. Akwai kayan gwanjo, waɗanda muke kira na Beljiyam, an ciro su daga wata mota an sayar a matsayin tsofaffi. Akwai sabon kaya mai rahusa wanda wani ƙaramin kamfani ya ƙera, ya buga sunansa a jiki, bai ce shi wani ba ne. Waɗannan biyu ciniki ne na halal in an faɗi gaskiyarsu, ko da yake wasu kayan, kamar taya da bel da jakar iska, bai kamata mai hankali ya sayi tsohonsu ba. Na uku shi ne jabu: an ƙera shi da tarkace, an saka shi cikin kwali mai tambarin Toyota ko Honda ko Bosch, an kwaikwayi lamba da launi da hatimi, don mai saye ya ɗauka na ainihi ne. Wannan ƙarya ce aka naɗe a kwali, kuma da ita nake faɗa.

Bari mu ɗan leƙa ƙarƙashin mota, domin jahilcinmu ne jarin mai jabu. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi. In direba ya taka, man birki ne ke ɗaukar ƙarfin ƙafarsa ta cikin siraran bututu, ya matse faifan a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta haifar da zafin da kan kai ɗaruruwan digiri. In gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninki huɗu ne, in kuma an yi lodi fiye da ƙima sai abin ya ƙaru. Faifai na ƙwarai an haɗa shi ne don ya riƙe kamunsa cikin wannan wuta. Na jabu kuwa, a cikin gari yana kamawa lafiya lau, shi ya sa mai mota ke fita daga gareji yana murna ya yi riba. Sai ranar da saniya ta faɗo titi, ko tirela ta tsaya a gaba ba zato, ya taka da ƙarfi, faifan ya yi santsi don zafi, ko gam ɗin da ya manne shi da ƙarfensa ya saki gaba ɗaya. Wato kayan yana aiki a duk ranar da ba a buƙatarsa sosai, ya ci amana a ranar da aka saye shi dominta.

Man birki ma haka. Ƙa'idar da ake bugawa a jikin gwangwani tana da ma'ana: mai alamar DOT 3 bai kamata ya tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205, mai DOT 4 kuma 230, in yana sabo. Man nan yana shan laima daga iska, kuma da ya sha sai ya riƙa tafasa da wuri, shi ya sa ake canza shi ko da bai ragu ba. Wanda aka yi wa algus kuwa tun a gwangwani a gurɓace yake. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuma matsewa yake yi, sai direba ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa ba abin da ya kama. Ga ma'anar "birki ya tsinke" a lokuta da dama. Ban ma so in shiga zancen masu ɗura ruwan sabulu a madadin man birki don su kai gari na gaba, alhali da fasinja goma sha takwas a bayansu.

Sai taya, wadda ita ce babbar masifarmu a wannan ƙasa mai zafi. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, daga nan kasuwar ta koma hannun masu shigowa da kaya. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su, amma ba wanda zai ce bai gan su jibge a bakin titi ba. Waɗansu an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara, sun gama aikinsu a can, aka kawo su su hau kwaltar Wudil a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kansa ke haura digiri 40. Akwai kuma wata dabara ta mugunta: a cusa taya cikin taya, huɗu ko biyar cikin guda, don a rage kuɗin jirgi da na fito. Wajen cusawa da zarowa wayoyin da ke cikin bakin tayar suna lanƙwashewa ko su karye, daga waje kuwa sabuwa ce fil, har da ƙamshinta. A watan Fabrairun 2017 hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, ta bankaɗo wani ɗakin ajiya a Legas cike da irin waɗannan tayoyi, ta ƙiyasta kuɗinsu a kan naira biliyan 5. Wannan wanda aka kama ke nan. Wanda ya wuce yana ƙarƙashin motocin da muke shiga.

Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta, lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da ba a hau ta ba, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana faɗa wa direbobi cewa shekara 4 daga ranar ƙira ita ce iyakar da take ba taya. Masu jabu sun san an fara karanta lambar, don haka wasu ke kankare ta ko su sake buga wata, kamar yadda wasu ke sake yanka zanen tayar da ta suɗe da wuƙa mai zafi don ta yi kama da mai sauran rai. A ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar baya ta motarsu ta fashe, rahoton hukuma ya kuma ambaci gudu da rashin ɗaura bel. A watan Afrilun shekarar, likitoci shida daga jihar Ekiti da direbansu suka rasu a wannan hanya suna tafiya taro Sakkwato, nan ma taya ce ta fashe. Ban kawo su don in ce tayoyinsu jabu ne ba. Na kawo su ne don mu ga abin da fashewar taya guda ke yi wa minista cikin babbar mota, sannan mu auna abin da za ta yi wa motar haya mai kujera bakwai da aka cusa wa mutum goma sha ɗaya da buhunan masara a kai.

Jakar iska kuwa, wadda ke kumbura daga sitiyari ta tare ƙirjin direba, ita ce ba a iya gwadawa sai ranar haɗari. Motoci da yawa da ake shigo mana da su daga Amurka sun riga sun yi haɗari a can, jakarsu ta fashe, a gyara jiki a fesa fenti a rufe gurbin, a yi wa fitilar gargaɗi dabara ta mutu. Ko a Amurkar, hukumar kula da lafiyar hanya ta yi gargaɗi kan jakar iska ta jabu a 2012, ta sake yi a 2024 bayan irin waɗannan kaya sun kashe mutane, domin maimakon su kumbura sai su tarwatse su watsa gutsattsarin ƙarfe a fuska. Kuma ko na ainihi yakan zo da aibi: jakunkunan kamfanin Takata na Japan sun sa an janye miliyoyin motoci, kamfanin ya durƙushe a 2017. Bambancin shi ne mai suna da adireshi ana iya kama shi, a tilasta masa ya canza kyauta, ya biya tara. Mai jabu wa za a aika wa sammaci?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin mota shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku ke nan, masu karanta wannan shafi. A Najeriya, FRSC ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka mutu a hanya a 2023, haka kuma a 2024. Ban ce duk jabu ne ya kashe su ba, gudu da ganganci da gyangyaɗi da ramuka suna da babban kaso. Amma ku lura da wani abu: in direba ya yi gudu, akwai shaidu. In faifan birki ya saki, shaidar tana cikin tarkacen da za a ja zuwa gefen hanya, daga baya 'yan gwangwan su saye a kilo. Laifi ne da ke binne kansa tare da wanda ya kashe.

To, me addininmu ya ce? Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san ƙissar da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi kan me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta kansa daga duk mai algus. Ku duba fa, mutumin nan bai zuba ruwan da hannunsa ba, ɓoyewa kawai ya yi, kuma iyakar cutarwar ita ce wani ya sayi hatsi mai laima. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, a babin ciniki ta haramta yaudara da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, har da yin shiru kan abin da in mai saye ya ji zai fasa. Alƙur'ani ya saukar da sura sukutum da sunan masu tauye mudu, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da aka halaka bayan Annabi Shu'aibu ya yi ta jan kunnensu kan awo da sikeli. In wannan ne matsayin mai tauye tiya, ina matsayin mai tauye birki?

Ga inda nake ganin laifin ya fi na mai zuba ruwa a nono muni nesa ba kusa ba. Mai nono ya cuci wanda ya saya, a aljihunsa. Mai jabun birki ya cuci mutanen da ba su halarci cinikin ba, ba a nemi yardarsu ba, ba su ma san an yi ba: matar da ta shiga mota za ta awo asibiti, almajirin da ke tsallaka titi, Bafulatanin da ya sayar da sansa yana komawa gida da kuɗin a lalita. Malaman fiƙihu sun yi magana kan wanda ya zama sanadin halaka ko da bai kashe da hannunsa ba, kamar mai haƙa rami a kan hanyar jama'a. Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba. Yanke hukunci a kan wane ne zai ɗauki wane kaso aikin malamai da alƙalai ne. Amma ina tambaya: in wanda ya yi kuskure tsantsa bai kuɓuta hannu rabbana ba, yaya wanda ya san abin da ke cikin kwalin, ya miƙa, ya karɓi kuɗi, har ya rantse da Allah na ainihi ne?

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: ai ko da sabon birki daga kamfani, in kwana ya ƙare sai an tafi. Gaskiya ne, kuma an yi wa wanda ya fi mu imani irin wannan magana. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarga, aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddara zuwa ƙaddara ake tafiya, ya kuma buga masa misalin da duk ɗan Wudil zai gane: makiyayi ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora, amma ba wanda zai yaba wa wanda ya zaɓi ƙeƙasasshen. Haka kuma Tirmizi ya ruwaito mutumin da ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure ta tukuna. Imani da ƙaddara magani ne ga zuciyar wanda aka yi wa rashi. Ba a saukar da shi don ya zama garkuwar wanda ya jawo rashin ba. Abin mamaki, ɗan kasuwar da ke cewa komai ƙaddara ne, da dare kwaɗo uku yake sa wa shagonsa, ya kuma biya mai gadi.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan raina ta ba: talauci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan mota sun yi tashin gwauron zabo. Direban haya yana da balas da zai kai wa mai mota, ga kuɗin tasha, ga na kan hanya, ga cefane. In aka ajiye masa faifai biyu, ɗaya ya ninka ɗaya sau uku a kuɗi, na san inda hannunsa zai tafi. Amma ina roƙonsa ya yi lissafin har ƙarshe. Na jabu yakan cinye da wuri, a saya sau biyu ko uku kafin na ƙwarai ya ƙare, ya kuma ci ƙarfen da yake gogawa, ga kuɗin aiki kowane zuwa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan kuwa ko rai ba ta bari. Sannan akwai tsaka-tsaki, kayan ƙananan kamfanoni masu sunansu na gaskiya. In kuwa mota ta kai matsayin da ba za a iya saya mata birki da taya masu aminci ba, to a ajiye ta har Allah Ya hore. Maganar tana da ɗaci, na sani. Amma yunwar gidana ba ta halatta mini in ɗauki 'ya'yan wasu in yi caca da su ba. Wanda ya fi ba ni haushi ma ba direban ba ne, mai motar ne da ke zaune a inuwa, yana da hali, a zo masa da zancen taya ya ce a lallaɓa zuwa bayan salla. Da kuma matashin da zai kashe kuɗi kan fitilu masu walƙiya da lasifika da baƙin gilashi, in an zo kan birki ya ce a sa na dama-dama.

Mai shago shi kuma cewa yake yi kowa ya san akwai lamba ɗaya da lamba biyu, kuma mai saye ne ya nemi mai sauƙi. In haka ne, me ya kawo tambarin wani kamfani a kan kwalin? Cire shi mana, ka rubuta sunan wanda ya yi, ka ga ko za a saya a wannan farashi. Tambarin nan shi ne busasshen hatsin da aka ɗora a kan jiƙaƙƙe. Kuma kada wani ya fake da cewa wata ƙabila ce ke wannan sana'a, ko kuwa laifin Sinawa ne. Masana'antun Sin suna ƙera mai kyau suna ƙera maras kyau, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya yi oda ya biya, kuma cikin masu odar akwai masu sunan Musulunci da tabon salla a goshi. Daga Ladipo ta Legas zuwa Nnewi, daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, kowace kasuwa tana da amintattu da suka shekara talatin ba a kama su da ƙarya ba, tana kuma da maha'inta. Zaluntar amintattun ne a yi musu kuɗin goro, kuma su ne jabu ya fi karyawa, domin ba za su iya sayarwa a farashin ɓarawo ba.

Sai bakanike, wanda a hannunsa amanar ta fi taruwa, don mafi yawanmu ba mu san komai a mota ba sai sitiyari. Cikinsu akwai masu tsoron Allah da za su ce maka, Alhaji, wannan ba zan ɗaura shi ba, in ka matsa kai wani wuri. Allah Ya yi musu albarka. Akwai kuma wanda zai karɓi kuɗin na ainihi ya sayo na jabu ya soke canji, ko ya kai ka shagon da ake ba shi kamasho. Mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu, don kare dukiyar jama'a. In an yi haka saboda yadin da aka kai wa tela, ina ga abin da rai ya rataya a kansa?

Abin da nake kira gare shi ba sabo ba ne a wurinmu. Ku matasa da kuke son ilimin hadisi kun san malamai ba su karɓar magana don daɗin lafazinta, sai sun bi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, an taɓa kama shi da ƙarya? Kayan mota ma suna da isnadi, kuma kwali mai sheƙi ba hujja ba ne, domin masu jabu sun fi kowa iya kwali. Mutumin ake bincika. Yana da shago tsayayye da aka san shi da shi, ko a bayan but yake ciniki? Zai faɗa maka wurin wane dila ya saro? Zai rubuta maka rasit da sunan kayan da lambarsa, ya yarda ka dawo da shi in ya saɓa? In ka tambaye shi bambancin wannan da wancan, yana bayani ko rantsuwa yake yi? Ni dai da na ji rantsuwa ta yi yawa a kan ƙarfe sai jikina ya yi sanyi. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ma shaida ne, don ba wanda ke sayar da zinariya a kuɗin tagulla saboda yana ƙaunarka. Je ka da kanka ko ka aiki wanda ka yarda da shi, a buɗe kwalin a gabanka, a ba ka tsohon da aka cire ka riƙe. A karar Wudil ba mai sayen sa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya sa an tayar da shi ya ga tafiyarsa, ya kuma tabbatar da dillalin da zai tsaya masa in ta bayyana na sata ne. Mutanen da suka iya wannan taka-tsantsan a kan dabba ba su da uzurin sayen birki ido rufe.

Hukuma ma tana da nata. SON tana nan tun 1971, FRSC tun 1988, dokoki kuma ba su yi ƙaranci ba, kayan dai ta tashar jiragen ruwa da kan iyaka suke shigowa, a gaban ma'aikata masu albashi. A nan Kano muna da Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003. Mun ga tana farfasa kwalaben giya a bainar jama'a, kuma ban ce kada ta yi ba. Amma duk wanda ya karanta tarihin hisba a Musulunci ya san babban filin muhtasibi kasuwa ce: mudu da sikeli da algus da ha'incin masu sana'a. Ina son in ga ranar da za a haɗa dakarun Hisba da injiniyoyin SON da shugabannin 'yan kasuwar kayan mota, a shiga layi-layi, a tara jabun faifai da man birki da tayoyin da aka kankare wa lamba, a murƙushe su a gaban kyamara kamar yadda ake yi wa kwalabe. Jami'ar da ke garin nan tana koyar da injiniyanci, gwada tafasar man birki ba zai gagari ɗalibanta ba, su sanar da direbobin tasha abin da suka gani. Limamanmu kuma, ranar Juma'a ce direbobi da fatake suka fi cika Wudil, huɗuba ɗaya a kan wannan za ta shiga kunnen da takardar hukuma ba za ta taɓa kaiwa ba.

Kai kuma ɗan uwa da ba ka da mota ba ka da shago, kana da ido da baki. Kafin ka shiga motar haya, zagaya ta sau ɗaya, dubi tayoyin nan huɗu, in ka ga waya ta leƙo ko gefe ya kumbura ko zane ya shafe, karanta lambobin nan huɗu in suna nan, ka yi wa direba magana da ladabi a gaban shugabannin tasha. Zai yiwu a yi maka dariya, wani fasinja ya ce malam ya cika tsoron mutuwa, ɗan kamasho ya ce in ba za ka ba ka ba wani wuri. Ba shi wurin, ka karɓi kuɗinka, ka jira ta gaba. Ranar da mutum biyar suka sauka daga mota guda saboda taya, a ranar mai motar zai aika a sayo sabuwa, kuma zai tambayi mai shagon daga ina ya saro ta.